Zakaran da Na Saya da Kuɗin Igiya

Shugaban matasan cocinmu ya zo har gida ya ce in rubuta musu wani abu a kan yadda Kirista zai riƙe amanar lokacinsa da kuɗinsa, wai za su karanta a makon matasa. Na ce masa, “Ɗana, ka ɓata hanya. Gidan Fasto yana can bayan injin niƙa.” Ya ce a'a, ni suke so. Daga baya na ji cewa wani ma'aikacin banki suka fara gayyata daga Abuja, ya ce sai an zuba masa mai a mota. Ni kuwa kofin ruwa ya ishe ni, ruwan ma daga rijiyar da na haƙa da hannuna.

Sunana Ayuba, a Keffi ana ce mini Ayuba Mai Rijiya. Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma sau biyu na yi shi, saboda malamin ya kasa rabuwa da ni. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a zuciyarsa. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina shiga cikin ƙasa ina fitowa, abin da yawancin mutane sau ɗaya suke yi, kuma ba sa fitowa.

Na san abin da kuke cewa game da sana'ata. Ɗaya daga cikinku ya faɗa a gabana, idonsa a kan waya: “Baba, ai rami ne kawai.” To, na yarda rami ne. Ku zauna in gaya muku abin da ke cikin ramin.

Rijiyar farko da na shiga a Liman Abaji take, bayan wani shagon tela. Daga ƙauyenmu na wajen Gitata na zo da riga ɗaya, aka haɗa ni da Baba Tanko, wani dattijo Musulmi mara yawan magana, shi ya zama maigidana. Wata shida ina jan guga a sama kafin ya bar ni na sauka. Ranar da na sauka, da na kai gaba bakwai na ɗaga kai, sai na ga sararin Allah gaba ɗaya ya koma kamar murfin tukunya. Na tsaya cak a jikin bango. Baba Tanko ya leƙo ya ce, “Tsoro kake ji?” Na ce, “A'a, Baba.” Ya ce, “To fito. Wanda ba ya jin tsoro ba ya yi mini aiki.” Na ce, “Baba, ina ji, har fitsari nake ji.” Ya ce, “Madalla. Ɗauki diga.”

Kayan aikinmu ba su da yawa. Diga mai gajeriyar ƙota, don a ƙasa babu wurin ɗaga hannu. Shebur da aka rage wa tsawo. Guduma da cizal saboda marmara da dutse, kuma ƙasar Keffi ba ta rowar dutse. Guga na ƙarfe. Gungumen itace da ake gittawa a bakin rijiya, a kansa igiya take bi. Igiya biyu ce: siririya ta guga, da mai kauri ta mutum, mai sili uku a murɗe, wadda ake ɗaura wa mai shiga a ƙirji, ƙarƙashin hammata. Mutum da ƙafarsa yake sauka, yana taka ƙananan ramuka da muke sarewa a jikin bango, igiyar tana biye da shi don ranar da ƙafa za ta ƙi. Sai fitilar ƙwai.

Fitilar nan ba don haske muke kunna ta ba. Akwai wata iska da take kwana a gindin rijiya. Ba a ganinta, wani lokaci ba ta da wari, kuma ba ta sallama. Mutum zai sauka yana dariya, ya sunkuya ya ɗauki shebur, shi ke nan, ya zauna kamar mai hutawa. Na sama ya kira, shiru. Ya sauka ya duba, shi ma ya zauna. Na taɓa zuwa wani gida inda mutum uku suka bi juna haka, wa da ƙane da maƙwabci, a rijiyar da ba ta kai gaba tara ba. Mu muka fito da su da ƙugiya. Ban ci abinci ba ranar.

Saboda haka doka ta farko ita ce, kowace safiya, kafin ƙafar kowa ta taɓa bango, ana kunna fitila a sa a guga, a saukar da ita har ƙasa, a jira. Idan wutar ta tsaya cak, a shiga. Idan ta rusuna ko ta mutu, sai a sassaro rassan mangwaro masu ganye, a ɗaura a igiya, a yi ta ja sama da ƙasa har iskar ta sauya, ko da rana za ta raba. Jiran yakan ɗauki kamar minti goma sha biyar. Baba Tanko ba shi da agogo, carbi yake ja. Ya ce mini, “Ni ina da carbi. Kai me kake da shi?” Na ce addu'ar safe. Ya ce, “To yi ta, amma a hankali, ba irin ta mai jiran tuwo ba.” Tun daga ranar, farkon kowace ranar aikina na Ubangiji ne. Ina durƙusawa a bakin rijiya, ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan fitila, in ambaci mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, in roƙa wa mai gidan da muke wa aiki, in roƙa wa wanda zai sauka. Kafin in ce amin, fitila ta gama faɗin gaskiyarta.

Doka ta biyu, na ƙasa ba ya yin shiru. Ko waƙa, ko surutu, ko zagin dutse, dole na sama ya riƙa jin murya. Idan murya ta ɗauke, ba a tambaya sau biyu, ja ake yi.

Doka ta uku ta kuɗi ce. Baba Tanko yana da gwangwanaye, ni ma da na kama kaina na samo uku. Duk aikin da aka biya ni, kafin in sayi ko ƙosai, sai in raba: na Allah, wato ushirina, na igiya, na gida. Igiyar mutum shekara ɗaya take yi. Rana tana cin ta, gungume yana cin ta. Idan ka murza ta ka ga farin gari a tafinka, ta mutu, ko da idonka yana ce maka sabuwa ce. Kowace kaka ake sayen wata, a mayar da tsohuwar ta ɗaure awaki. Baba Tanko ya rasu da haƙoransa da yatsunsa cikakku, a kan tabarmarsa, kuma babu mutum ɗaya da ya mutu a igiyarsa.

Bayan rasuwarsa na ɗauki Istifanus, ƙanen matata Saratu, magidanci mai ’ya’ya huɗu, shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci. Ba ya kirana da suna, Inlo yake ce mini, wato suruki a Turance, irin ta mutanen yanzu. Idan Istifanus yana ƙasa, unguwa ba ta bukatar rediyo. Rijiya tana ƙara wa murya girma, shi kuwa ya san haka, sai ya yi ta rera waƙoƙin sujada tun safe, har matan gidan Musulmi su riƙa amsa masa ba su sani ba. Karɓa-karɓa muke yi, yau ni a ƙasa, gobe shi. Muna da na uku mai jan guga, sunansa Audu. Mun yi shekaru masu kyau. A Angwan Iya kaɗai, idan ka sha ruwa a gida biyar, uku nawa ne.

Sai motocin burtsatse suka cika gari. Abin da nake yi a wata guda, su yini biyu suke yi, da ƙara da hayaƙi, yara suna kallo. Mai kuɗi ya daina nemana. Sai talaka, shi ma yasa kawai yake so, wato a kwashe masa laka da shara daga tsohuwar rijiya. A shekarar da nake ba ku labari, tun daga Ista har kaka sabuwar rijiya ɗaya na haƙa. Audu ya gaji ya koma acaɓa, muka rage mu biyu. Gwangwanin gida ya zama abin kiɗa. Na Allah ban taɓa shi ba, ina kai abin da ya samu. Na igiya kuwa na tara shi da ƙyar, dubu tara cif, daidai kuɗin sabuwar igiya a lokacin. Na sa ranar Litinin zan je kasuwa.

Lahadin da ke gabanta ita ce bikin godiya na kaka a coci. Kun san yadda ake yi: a kawo doya, shinkafa, kaji, a tara gaban bagade, bayan sujada a yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga aikin ikilisiya. A lokacin akwai wani ɗan cocinmu, Injiniya Bulus, mai aikin burtsatse. Yaron kirki ne, yana durƙusawa ya gaishe ni, bai taɓa yi mini komai ba sai cinye mini sana'a. Mai gwanjo ya ɗaga wani jan zakara, ya ce, “Zakaran Ubangiji! Wa zai buɗe?”

Injiniya ya ce, “Dubu biyu.”

Aka tafa. Sai wani daga bayana, har yau ban san ko wane ne ba, ya ce, “Baba Ayuba ya yi shiru. Burtsatse ta rufe rijiya.”

Aka yi dariya. Ni dai ban ɗaga hannuna ba, shi ya ɗaga kansa. Na ji bakina ya ce, “Dubu uku.”

“Dubu uku daga Mai Rijiya! Injiniya, za ka bari tsoho ya kayar da kai a gaban matarka?”

“Huɗu.”

“Biyar,” in ji bakina.

Saratu tana ɓangaren mata, tana yi mini wani kallo da na sani tun muna saurayi da budurwa. Na juya mata ƙeya. Injiniya ya ce takwas. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na ce, “Tara! Abin Allah ba a yi masa rowa.”

Injiniya ya yi dariya ya sunkuya, ya ce, “Baba, na bar maka. Ubangiji ya ƙara buɗi.” Mata suka yi guɗa, aka buga ganga, aka raka ni da rawa har gaban bagade aka miƙa mini zakaran da a kasuwa ba zai wuce dubu ɗaya da rabi ba. Na je gida na juye gwangwanin igiya na kawo. A hanya ina gaya wa kaina cewa ai Allah na ba, kuma wanda ya ba Allah ba ya asara. Saratu ta same ni ina ɗaure zakaran a gindin gwanda. Ta ce, “Baban Rahila, da wane kuɗi?” Na ce, “Maman Rahila, harkar maza ce.” Ta shiga ɗaki, na ji ta girgiza gwangwanin, ta fito ta wuce madafa.

Tsohuwar igiyar na ɗauko na duba. Wuri ɗaya ne ya ci sosai, can kusa da ƙarshen sama, inda take kwanciya a kan gungume idan mutum yana ƙasa. Na murza, gari ya fito. Sai na yi dabara irin ta mai aji huɗu: na juya ta. Ƙarshen sama ya koma ƙasa, wurin da ya ci ya dawo kusa da ƙirjin mai shiga, kamu uku daga ƙullin, inda babu abin da zai goge shi. Na yaba wa kaina. Ban gaya wa Istifanus ba.

Aikin da ya zo bayan haka a Angwan Iya ne, gidan Hajiya Asabe, mai koko da ƙosai, wadda mijinta ya rasu. Tsohuwar rijiya ce mai gaba goma sha ɗaya, an rufe ta shekaru, tana so a yashe kafin rani ya yi tsanani. Ranar Alhamis Istifanus ya sauka, fitila lafiya. Ranar Juma'a ni na sauka, fitila lafiya. Muka yi ta fito da ruɓaɓɓen ganye, tsummoki, gugunan da suka tsinke tun zamanin mijinta, har da ƙashin wata akuya. Da yamma muka kai baƙar laka mai kumfa, na dama ta da shebur, na ce gobe a ƙarasa. Da muka tafi, Hajiya ta sa aka rufe bakin da kwanon rufi aka danne da duwatsu, saboda jikokinta. Daidai ta yi. Amma laka ta kwana tana numfashi a rufe.

Ranar Asabar ina sauri. An aiko mini cewa wani mutum a Gitata yana son sabuwar rijiya, kuma masu burtsatse ma za su je wurinsa da yamma. Ina so mu gama kafin sha ɗaya in kama mota in riga su. Muka ɗage kwanon. Na kunna fitila na saukar, na durƙusa. Istifanus ya tafi wurin Hajiya karɓar kokonsa.

Abin da zan rubuta yanzu, shekara biyu ban gaya wa kowa shi ba sai Fasto. Fitilar ba ta kai ƙasa ba. A wajen gaba takwas na tsayar da ita. Kuma na ga wutar ta rusuna, ta yi ja, ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Na gani da idon nan. Na ce a raina lagwani ne, jiya ban gyara shi ba. Idan na ce iska ce, sai sare rassa, sai awa biyu, sai Gitata ta tafi. Na jawo guga da sauri, wutar ta miƙe da ta sha iskar sama, na ce amin.

Istifanus ya dawo yana share baki. Ya ce, “Inlo, har ka gama addu'ar? Yau ko Rahila ba ka kai ba.”

Na ce, “Allah ya san sunayen ’ya’yana.”

“Fitila fa?”

“Ga ta, kana gani.”

Ya kalle ta tana ci, ya ɗaga hannuwa na ɗaura masa igiya. Ya ce, “Idan ka samu aikin Gitata, zakaran nan naka mai digiri za mu yanka.” Ya sa ƙafa a ramin farko, ya ɗauki waƙa.

Ina sakin igiya a kan gungume, ina jin muryar tana nisa tana ƙara kauri. Gaba biyar. Gaba bakwai. Hajiya tana juya ƙosai tana gyaɗa kai. Gaba tara, ya yi tari, ya ci gaba. Na ji ƙafarsa ta taɓa laka. Ya kai tsakiyar baiti, inda ake jan numfashi a ɗaga murya.

Bai ɗaga ba.

Na ce, “Istifanus.” Na ji man ƙosai yana ƙara a kasko. Na ji wata kaza a bayan gida. Daga rijiya babu komai. Igiyar da ke hannuna ta yi nauyi a hankali, irin nauyin buhun da aka jingina.

Na leƙa. Duhu, da ɗan farin rigarsa a ƙasa, a naɗe. Wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi fuskata. Ban san lokacin da na sa ƙafa ɗaya a ramin farko ba. Hajiya ce ta cafke mini wuyan riga ta baya, da hannunta mai mai. Ta ce, “Malam Ayuba, kai da bakinka ka ce ba a bi! Gawa biyu za ka bar mini a gida? Fito mu ja!” Ta ƙwala kira, surukarta da wasu mata biyu masu taya ta aiki suka fito a guje. Maza duk sun tafi kasuwa.

Mu biyar muka kama. Mutumin da ya suma ya fi mai rai nauyi, ba ya taka bango, ba ya taimakonka da komai. Igiyar da ta saba rakiya kawai, yau ita ke ɗauke da shi ɗungurungum. Na ce, “A hankali, kada a fizga! Ja. Tsaya. Ja.” Matan suna salati, ni ina kiran sunan Yesu, babu wanda ya gyara wa wani. Farin gari yana tashi daga igiyar yana sauka a kan gungume. Ina jin kansa yana bugun bango, ƙum, ƙum, kuma ba ni da yadda zan yi.

Su matan suna murna yana matsowa. Ni kaɗai na san abin da ke tahowa. Wurin da ya ci, wanda na ɓoye a ƙasa da dabarata, yana hawowa zuwa gungume, kuma zai iso daidai lokacin da mutumin yake rataye a kan gaba goma na banza.

Na gan shi ya fito daga duhu, ya yi furfura kamar gemun tsoho. Ya hau gungume. Sili ɗaya ya ce tas, ya warware yana juyawa.

Surukar Hajiya ta ce, “Inna, igiyar!”

Na ce, “Kada ku saki, kada ku ja! Ku tsaya haka!”

Na biyu ya ce tas.

Na kwanta rub da ciki a bakin rijiya na ce Hajiya ta zauna a ƙafafuna. Mace ce mai jiki, Allah ya saka mata. Na zura rabin jikina ciki, na riƙe numfashi, na miƙa hannu ƙasa da wurin da ya ci, na kama igiyar inda take da lafiya, na naɗe ta sau biyu a damtsena. Ina ganin tsakiyar kan Istifanus, da laka a gashinsa, yana juyawa a hankali. Na ce, “Ku bar igiya, ni za ku ja!” Suka kama ni ta ƙugu da ƙafa suka ja ni baya a kan siminti kamar buhun masara. Igiyar ta shige cikin naman hannuna. Kansa ya fito, surukar Hajiya ta kama ƙullin ƙirjinsa, ɗaya ta kama wandonsa, muka zube gaba ɗaya a ƙasa. Sai da muka kwantar da shi a gindin mangwaro na ga igiyar ta rabu biyu. Ban san lokacin da sili na uku ya tafi ba.

Leɓɓansa sun yi baƙi. Muka kwance ƙullin, muka juya shi gefe, matan suna yi masa fifita da faifai. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san ya fi minti goma sha biyar ɗin da na hana Allah tsawo, nesa ba kusa ba. Can ya yi wani irin gurnani, ya yi amai, kokon Hajiya ya dawo. Aka tsayar da keke mai ƙafa uku muka tafi asibiti. Kwana uku ya yi. Gitata kuwa, masu burtsatse suka samu.

Saratu ta zo asibiti, ta duba ƙanenta, ta duba hannuna da aka naɗe, ta ce in fito waje. A hankali ta yi maganar, don kada matar Istifanus ta ji. Ta ce, “Baban Rahila, ka ba Allah zakara, sannan ka ga bai isa ba, za ka ƙara masa da ƙanena?”

Na je wurin Fastonmu na lokacin, tsoho ne, na faɗa masa duka, har da fitilar. Na ce amma dai kuɗin nan coci na kawo, ba giya na sha ba. Ya ce, “Ayuba, gwangwanin igiya na wa ne?” Na ce na igiya. Ya ce, “Igiya tana riƙe da wa?” Na ce da mutum. Ya ce, “Duka gwangwanaye ukun na Allah ne, ajiya ya ba ka. Ka ciro daga aljihunsa na dama ka sa a na hagu, ka ce a buga maka ganga. Ka je ka gaya wa Istifanus.” Na ce zan je. Shekara biyu na ɗauka kafin na faɗa masa maganar fitilar. Ta igiya kuwa ya riga ya sani, gari duk ya sani.

Zakaran, Saratu ta yanka ta yi wa mara lafiya farfesu. Istifanus ya tauna ya tauna ya ce, “Inlo, dubu tara, kuma ga tauri.”

Na sayar da rediyona da akuya ɗaya na sayi sabuwar igiya. Istifanus bai sake shiga rijiya ba, ko leƙawa ya yi sai kansa ya juya. Amma bai bar ni ba, yana da ’ya’ya huɗu. Sai muka sauya: shi a sama kullum, ni a ƙasa kullum, har shekara tara, har gwiwa ta ce ta gaji. Ku yi tunanin wannan, ku masu cewa rami ne kawai. Kowace safiya ina ɗaga hannuwa, mutumin da na yi wa ƙarya yana ɗaura mini igiya. Yakan bi ta da tafinsa daga farko har ƙarshe, ya duba hannunsa, ya ce, “Inlo, bana igiya muka saya ko zakara?” Shi ke saukar da fitila, kuma shi ke addu'ar. Bayan na faɗa masa gaskiya, addu'ar ta ƙara tsawo. Yana ambatar ’ya’yansa, da nawa, da jikokin Hajiya Asabe, da Injiniya Bulus da motarsa, wani lokaci har da shugabannin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mai gida ya tsaya yana duba agogo, ni ina durƙushe, ban taɓa cewa ya gajarta ba. Sannan ya ce, “Sauka. Kuma ka yi waƙa.” Muryata irin ta ƙofar kwano ce. Akwai gidan da aka roƙe shi ya bar ni in yi shiru, ya ce a'a.

To, ’ya’yana, abin da na sani game da amana ke nan, da ma'aikacin bankin nan ya zo da ya fi ni tsari. Ku ba Ubangiji ushirinsa, ku ba shi farkon safiyarku, kada ku gutsura. Amma ku duba sana'arku ku gane wace ce igiyar, don kowace sana'a tana da ita. Kai mai acaɓa, birki ne. Ke mai sayar da abinci, ruwan da kike wanke kwano ne. Kuɗinta ba naku ba ne, ko a gaban bagade aka roƙe ku, ko ana buga ganga.

Kun sha tambayata dalilin da nake zama a benci na gaba, kusa da mawaƙa, ni da ba na waƙa. Wasunku sun ce kurumta ce. Ba ita ba ce. Istifanus yana nan a layin baya, ya yi furfura, muryar tana nan. Akwai wurin da mawaƙa suke tsayawa a tsakiyar baiti su ja numfashi, coci ya yi tsit. Ku kalli hannuna na dama a lokacin, mai tabon. Za ku ga ya damƙe bencin. Ba ya saki sai na ji muryarsa ta ɗaga.